Goɗiyarmu ta haihu cikin marka a Jos: in rufa wa ɗan bargo ko in bar shi, kuma wane suna ya dace da shi?

Mai Goɗiya, Naraguta (Asabar da hantsi)

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawarar waɗanda suka riga ni sanin doki nake nema, don ni dai ban taɓa riƙon jaririn doki ba sai wannan makon.

Goɗiyarmu ta haihu daren Laraba wayewar Alhamis, wajen ƙarfe uku, ana tsuga ruwa. Namiji ta samu. Goɗiyar ta marigayi mahaifina ce. Shi ya je Maigatari da kansa ya sayo ta shekara huɗu da suka wuce, abokansa na ta yi masa surutu wai me zai yi da goɗiya a cikin gari, ai ingarma ake ɗaurewa. Ya ce musu shi burinsa ya ga an haifi doki a gidansa. Kili ce, ya sa mata suna Kyauta. A watan Satumbar bara aka kai ta wajen ingarman wani amininsa a Toro, ta ɗauki ciki, shi kuma Allah ya yi masa rasuwa cikin hunturu. Bai ga ɗan ba. Shi ya sa nake rawar jiki a kan wannan dukushi fiye da yadda wani zai yi.

Yaron da ke kula mana da barga ne ya buga min ƙofa. Da na haska tocila na tarar har ya faɗo, jikinsa sharkaf yana tururi, uwar ta juyo da wuya tana lasar kunnuwansa tana wani gurnani a hankali wanda ban taɓa jin ta yi ba. A ƙasan kofatonsa akwai wani abu fari-fari mai laushi kamar danƙo, har na tsorata na zaci nakasa ce, sai da gari ya waye na ga ya goge da kansa. Sau huɗu yana yunƙurin tashi ƙafafun na lanƙwashewa, a na biyar ya tsaya yana tangaɗi. Kafin kiran assalatu ya kama nono. Baƙi ne, ba wuluk ba, yana da ɗan fari a goshi kamar faɗin kwabo, da fari a ƙafar baya ta hagu.

To ga matsalata. Bargar tamu bango uku ce ta bulo, gabanta a buɗe. Kwanon rufin ya tsufa, yana yoyo ta kusurwar yamma, kuma idan iska ta kaɗo, feshi yakan shigo har tsakiya. Wanda ya san Jos a watan Agusta ya san abin da nake nufi: sai a kwana uku ba a ga rana ba, yayyafi ya ɗauke ya dawo, wanki ya yi kwana biyu a igiya bai bushe ba. Jiya Juma'a da rana ta ɗan leƙo, na ce a fito da su fili su miƙe ƙafa. Ba a yi rabin awa ba ruwa ya sauko. Kafin mu kora su ciki ya jiƙe, gashin bayansa ya manne, ya tsaya a gindin uwar yana karkarwa, cinyoyinsa na rawa. Yaron ya ɗauko buhun algarara ya yafa masa, ya ɗaure da igiya ta ƙarƙashin ciki. Da Kyauta ta sunsuna buhun sai ta kwantar da kunne, ta ja da baya, da ya nufo hantsar ta ɗaga ƙafa kamar za ta harbe shi. Nan take na ce a cire. Muka goge shi da tsohon tawul, sai da aka ɗan jima ta yarda ya sha.

Wani abokina da ke hulɗa da 'yan folo, wato masu wasan ƙwallo a kan doki, ya ce zai ba ni tsohon bargon doki, irin mai hana ruwa shiga, in kai wa tela ya rage shi daidai jikin ɗan. Ya ce su haka suke yi wa dawakansu da damina. Mahaifiyata kuma ta ce tun da take ba ta taɓa ganin an sa wa ɗan dabba riga ba, uwarsa ce rigarsa. Ni na rasa wanda zan bi. Marka ba ta ƙare ba, akwai sauran Satumba gaba.

Abu na biyu suna. Gidan ya kasu. 'Yata mai shekara tara ta ce Anaruwa. Ƙanena ya ce tunda baƙi ne a kira shi Akawal kawai a huta. Hajiya, mahaifiyata, ta ce Makau, don da mutum ne aka haifa a irin wannan dare haka za a yi masa laƙabi. Ni kuma ina son sunan da idan ya girma ya fita hawan Sallah ba zan ji nauyin faɗarsa a gaban mutane ba. Don Allah a taimaka.

Baba na Gangare (Asabar bayan azahar)

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya raya abin da ya bari. Ɗana, jikana ke rubuta min wannan, ni nake faɗa.

Mutumin Azare ne ni, kuma tun ina saurayi nake cikin dawaki. Maganar Hajiya ita ce magana. Kada ka sa masa komai. Goɗiya da hanci take sanin ɗanta, musamman a haihuwar fari, kuma a kwanakin nan na farko ne take haddace warinsa. Buhun nan wa ya san abin da aka zuba a ciki, masara ce ko taki ko maganin ƙwari? Ka rufe mata ɗa da warin da ba ta sani ba, dole ta ɗaga ƙafa. Ka yi sa'a ka cire da wuri. Idan goɗiya ta ƙi ɗanta, wahalar da za ka sha da kwalba dare da rana ba kaɗan ba ce, kuma sau da yawa ba a cin nasara.

Igiyar ma ita ce ta fi ba ni tsoro. Na ga wannan da idona a wani ƙauye shekarun baya. An yafa wa dukushi ɗan kwana biyar buhu saboda ruwa, aka ɗaure ta ciki kamar yadda yaronka ya yi. Cikin dare ya kwanta, buhun ya zame, ya zura ƙafar baya cikin igiyar. Da ya tashi miƙewa ya kasa, ya yi ta fizga har gaɓar ta goce. Da safe aka same shi a kwance. Bai ƙara takawa daidai ba. Ɗan doki kwanciya da tashi ne aikinsa, yini guda ya yi su ba adadi, duk abin da ke da igiya ko maɗauri a jikinsa tarko ne.

Kuɗin da za ka ba tela, kai wa kafinta. A canza kwanon da ke yoyo, a samu tamfol ko zana biyu a kare gaban bargar daga inda feshi ke shigowa, amma a bar sama a buɗe iska ta riƙa wucewa. A haƙa 'yar magudana a bakin ƙofa. A zuba yashi a ɗaga daɓen kusurwa ɗaya, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai kauri, yadda idan ka durƙusa a kai gwiwar wandonka ba za ta jiƙe ba. Haka nake gwadawa har yau. Idan ta jiƙe a kwashe a sake. Kuma ka tuna tun kafin a zo da bargon Turawa ƙasar nan, mutanen Birom na da ƙananan dawakansu a kan dutsen nan, a nan ake haifarsu cikin wannan ruwa da wannan sanyi.

Batun suna kuwa, ka ce wa ƙanenka ya dakata da Akawal. Ka ce uwar kili ce. Je ka da rana ka duba fatar idon ɗan da kewayenta, ka duba gefen hancinsa. Idan ka ga tsilli-tsillin farin gashi kamar an barbaɗa masa toka, to wannan baƙin aro ne. Kili da baƙi ko ja ake haifarsa, yana girma yana yin fari. Wata uku zuwa huɗu zai zubar da gashin haihuwa, ka fara ganin ainihin launinsa. Mu da muke kiran doki da launi, akawal, bidi, hurde, gunya, danda, ba ma gaggawar kiran dukushi da ɗaya daga ciki sai ya sake gashi.

Likitar dabbobi, Bukuru (Asabar da yamma)

Malam, barka da arziki. Duk abin da Baba ya faɗa a kan rufi da shimfiɗa da igiya na sa hannu a kai. Wuri ɗaya zan ɗan ƙara, tare da girmamawa, don kada a ɗauka ɗan kwana uku daidai yake da babban doki.

Babban doki mai lafiya ba ya jin sanyin Jos da damina. Daren Agusta a nan yakan sauka wajen digiri 16 zuwa 18, shi kuwa har ƙasa da digiri 10 yana cikin jin daɗinsa. Gashinsa na da maiƙo, ruwa na bi ta kai ya zube, kuma ciyawar da ke narkewa a hanjinsa kamar murhu ce a cikinsa. Jariri ba shi da ko ɗaya. Gashinsa laushi ne da shi, yana shan ruwa kamar auduga, ba shi da kitse a ƙarƙashin fata, ga dogayen ƙafafu da ke zubar da ɗumi. Abin da ke ɗumama shi nono ne kaɗai, shi ya sa a makon farko za ka ga yana komawa hantsa sau biyar zuwa bakwai a cikin awa ɗaya. Muna kan tudu sama da mita 1,200, ruwan da ke sauka a shekara ya kai wajen milimita 1,400, kuma Yuli da Agusta ne suka fi kwasa. Idan jiƙa ta haɗu da iska a jikin ɗan kwana biyu, karkarwar da ka gani jiya gaskiya ce. Saboda haka makonni biyu zuwa uku na farko kada ruwa ya sake dukansa. A fitar da su idan rana ta fito ƙasa ta ɗan sha iska, mutum na tsaye, da hadari ya haɗu a maido su. Fitar tana da amfani ga ƙafafunsa, kada a kulle shi gaba ɗaya.

Amma bargo ba zai yi maka wannan aikin ba. Wanda tela ya rage ɗinkinsa zai riƙa shigar da ruwa, kuma bargon da ya jiƙe ya fi rashin bargo illa, don yana riƙe damshi a jikin fata. A irin damshin nan ne ƙwayar cutar da ke sa wa shanu kirci take samun shiga. Ita ɗin ce dai ke kama bayan doki da damina, gashi ya dunƙule da ɓawo, in ka ja ya fita da fata. Namiji ne kuma, fitsarinsa gaba yake yi, ƙasan bargon zai jiƙe kullum daidai inda cibiya take.

Cibiyar nan ita nake so ka fi sa wa ido fiye da bayansa. Yawancin 'ya'yan dawakin da ake rasawa a watan farko cuta ce ke shiga jininsu, ta cibiya ko ta baki, daga taɓo da kashin barga. Ka amsa min waɗannan. An tsoma cibiyar a magani? In ba a yi ba, a samu aidin a sirka shi da ruwa mai tsabta har ya yi kalar shayi marar kauri, a zuba a ƙaramin murfi a tsoma kututturen sau biyu a yini na kwana biyu ko uku. Kada a sa mai ƙarfin nan tsagwaronsa, yana ƙona fata. Kada a sa toka ko man juye ko kashin shanu. An taɓa yi wa uwar allurar tetanus, ciwon nan da ke sandarar da jiki ya sarƙe haƙora? Yadda ya kamata, ana yi mata ita saura mako huɗu zuwa shida ta haihu, kariyar ta bi dakashi ta shiga jikin ɗan. In ba a yi ba, ɗan na bukatar allurar kariya ta gaggawa, kuma ba abin jira ba ne, don doki na cikin dabbobin da tetanus ya fi saurin kashewa. Mahaifar ta fita duka, cikin awa uku? Ya yi kashin farko, baƙin nan mai tauri? Nono ya riƙa zuba daga hantsar tun kafin ta haihu? Na tambayi wannan ne saboda ɗan doki ba ya samun kariya daga uwa tun yana ciki, sai ta dakashi, kuma hanjinsa na karɓarta ne a yinin farko kawai. Bayan awa 24 ƙofar ta rufe. Ka ce ya sha kafin asuba, wannan ya yi kyau ƙwarai.

Ka sayi ma'aunin zafin jiki a kemis, ka shafa masa man basilin, ka auna ta dubura safe da yamma. Daga 37.5 zuwa 38.9 lafiya lau. Ya haura 39 ko ya faɗo ƙasa da 37, a kira likita a ranar. Idan jikinsa a bushe yake, yana cikin barga, amma yana karkarwa ko kunnuwansa da ƙafafunsa sun yi sanyi, kada ka ce sanyi ne ka nemo bargo, rashin lafiya ce. Haka idan ka ga hantsar uwar ta cika tam tana ɗiga, ko nono ya bushe a goshinsa, alamar yana zuwa gindinta amma ba ya sha. Idan kuma gwiwa ko wata gaɓa ta kumbura ta yi zafi yana ɗingishi, kada kowa ya ce maka uwar ce ta taka shi. Mu a wajenmu cuta ce a gaɓa har sai an tabbatar ba ita ba ce, kuma kwana ɗaya na jinkiri na iya nakasa shi.

Mutanenmu kan kai kaskon gawayi barga don ɗumi. Don Allah kada a yi. Ga busasshiyar ciyawa, ga hayaƙi a huhun jariri. Shimfiɗa kuma ciyawa ko karan acca sun fi garin katako a kwanakin nan, don garin na manne wa cibiya da hanci. Kuna kusa da asibitin dabbobi na Jami'ar Jos, ga kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke nan tun 1924. Likita ba zai yi wuyar samu ba. A sa wani ya zo ya duba uwa da ɗa a gida.

Mai Goɗiya, Naraguta (Asabar da dare)

Baba, na gode, Allah ya ƙara girma. Da la'asar na je na duba kamar yadda ka ce. Wallahi akwai farin gashin, zagaye da idanun biyu kamar an sa masa farin kwalli, har da gefen baki. Ni da na zaci ƙura ce. Na nuna wa ƙanena, ya janye Akawal.

Likita, Allah ya saka. Mahaifar ta fita kafin gari ya waye, yaron ya binne ta, amma ba mu shimfiɗa ta mun duba ko ta cika ba, ban san ana yi ba. Uwar dai tana cin harawarta da dusa sosai, ba wani wari ko ruwa da ke fita. Kashin farko ya yi ranar Alhamis da hantsi, na ga yana ta nishi kafin ya fito. Nono bai zuba kafin haihuwa ba, sai ɗan abu kamar kakin zuma a kan nonon kwana biyu kafin nan. Cibiya ba a sa mata komai ba, na sa yanzu bayan na karanta saƙonki. Allurar tetanus kuwa na duba takardun mahaifina ban ga alamar an taɓa yi ba. Na yi waya da wani likita, zai zo gobe da safe in Allah ya kai mu. Na auna shi ɗazu, 38.3.

Malamin Islamiyya, Anguwan Rogo (Lahadi bayan asuba)

Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa dukushin nan ya zama alheri a gidanku. Hadisi ya tabbata cewa alheri a ƙulle yake a makwarkwaɗar dawaki har zuwa ranar ƙiyama, don haka burin da tsohon ya yi buri ne mai asali.

Ni ban san maganin doki ba, a kan suna zan yi magana. Sa wa dabba suna abu ne da aka sani tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Imamu Buhari ma ya ware babi a kan sunan doki da jaki a cikin littafin jihadi. Taguwarsa Ƙaswa, alfadararsa Duldul, jakinsa Ufairu. Dokin Abu Ɗalha da ya ara ya hau a daren da aka ji firgici a Madina sunansa Mandub. Na Abu Ƙatada kuma Jarada, wato fara. Babu yanka, babu jiran kwana bakwai, wannan na ɗan Adam ne. Duk ranar da ka ga dama ka sa.

Makau suna ne mai kyau, kuma Hajiya ta yi daidai da ma'anarsa. Sai dai sunan mutane ne, har da manya. Sarkin Zazzau da ya bar Zariya lokacin jihadi ya nufi Zuba, Muhammadu Makau ne, ɗan'uwan Abu Ja wanda ya kafa tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, a 1828. Ban ce haramun ne ba. Amma ka duba unguwarku. In akwai dattijo mai wannan suna, ranar da yaro ya ɗaga murya ya ce a ɗaure Makau a turke, ko Makau ya yi kashi a ƙofar gida, za a samu ɓacin ran da ba a nufa ba. Haka Ɗanlami, in wani ya kawo shi saboda ranar Alhamis. Sunayen Allah da na annabawa da sahabbai kuwa a nisanta su gaba ɗaya daga dabba.

Ga wanda ya faɗo min a rai tun da na karanta cewa ana tsuga ruwa aka haife shi. Malaman tarihi sun ambata cewa dokin farko da Annabi ya mallaka ya saye shi ne a Madina daga wani mutumin ƙabilar Fazara. Sunansa a hannun mai shi Daris, sai ya sauya masa zuwa Sakbu. Ma'anar kalmar ruwa mai kwarara, ana kiran doki haka idan gudunsa na tafiya sumul kamar an zubo ruwa. An siffanta shi da fari a goshi da fari a ƙafafu. A bakinmu zai zama Sakabu. Ya ɗauko ma'anar da 'yarka da Hajiya suke nema, ba ya jingine da launin da zai canza, kuma ban san wani mutum a garin nan da ake kira haka ba.

Ɗan barga, Abuja (Lahadi da rana)

Ina gaida manya. Shekarata goma sha ɗaya ina aikin dawakin folo, na yi Kaduna, yanzu ina Abuja, kuma nakan zo Jos idan ana wasa. Ina so in kare abokin nan naka kaɗan, don ba ƙarya ya yi ba. Muna sa wa dawaki bargo. Amma dawakinmu ana aske musu gashi saboda kada gumi ya dame su a fili, da yawansu kuma daga Ajantina aka kawo su. Dokin da ka aske dole ka biya shi abin da ka cire. Wannan dalilin bai shafi ɗan Kyauta ba.

Duk da haka kada a ce bargo ba shi da rana sam. Na yi jinyar wani da aka haifa bai ƙosa ba, kunnuwansa a lanƙwashe, ba ya iya tsayawa da kansa. Likita ne ya ce a rufe shi. Rigar sanyi ta yara muka sa masa, irin ta gwanjo mai zif, ƙafafun gaba a hannun rigar, zif ɗin ta baya, cikinsa daga cibiya zuwa baya a buɗe. Kafin mu sa sai da muka goga rigar a wuyan uwar da ƙirjinta ta ɗauki warinta, mutum ɗaya na riƙe da ragama har ta sunsuna ta yarda. A cikin barga kaɗai, a kan busasshen jiki, kuma ana cirewa kullum a duba fata. Yaya, ka shiga Katako ka sayi ɗaya ka wanke ka ajiye. In Allah ya so ba za ka bukace ta ba, amma ba a neman irin wannan da ƙarfe biyun dare.

Sannan da magariba da asuba su kasance a ciki. Lokacin ne ƙananan ƙwarin nan masu cizo ke fitowa, waɗanda ke ɗauko cutar dawaki mai kumbura kai da cika huhu da ruwa, kuma da damina suka fi yawa. A duba kaska a kunne da ƙarƙashin wutsiyar uwar kullum.

Mai Goɗiya, Naraguta (Talata ta sama)

Jama'a ku gafarce ni, kwana tara ban leƙo ba, aiki ne ya yi yawa. Likita ya zo ranar Lahadin, ya yi wa ɗan allurar, ya fara wa uwar tata, ya duba ta ya ce babu abin da ya rage a ciki. Kafinta ya canza kwano biyar. Mun sa tamfol a gaba, mun bar kamar kamu biyu a sama. Wani manomi daga wajen Miango ya kawo min karan accar bara dami shida, da shi nake shimfiɗa, kuma kowace safiya sai na durƙusa a kai kamar yadda Baba ya koya min. Rigar gwanjon na saya, tana cikin leda a rataye, ba a taɓa ta ba.

Ranar da ya cika kwana tara ya yi zawo, hankalina ya tashi. Likita ya ce indai yana shan nono yana wasa kuma zafin jikinsa daidai, wannan sananne ne a irin kwanakin, in wanke masa gindi in shafa basilin. Kwana biyu ya tsaya. Cibiyar ta bushe. Zafinsa bai taɓa wuce 38.6 ba.

Allah gafarta Malam, na kai wa Hajiya maganarka. Ashe ma akwai Malam Makau mai gyaran keke a bakin layinmu, ita da kanta ta tuna. Da na faɗa mata asalin Sakabu sai ta yi shiru, can ta ce da Alhaji na nan da wannan zai zaɓa. Shi muka sa. 'Yata ta ce ita dai a bar ta ta riƙa kiransa Anaruwa idan su biyu ne, na ce ta je.

Jiya da hantsi rana ta fito sosai, muka sake su a fili. Ya zagaya uwar a guje sau uku, ya yi tsalle da ƙafa huɗu, ya tsaya cak yana kallon wata kaza. Da hadari ya taso ta wajen duwatsun Shere na kama ragamar Kyauta, ya biyo mu da kansa, muna shiga ruwan ya sauko. Baba, farin idon nan ya ƙaru, har ya fara hawa goshi. Idan an ɗauke ruwa ina so in zo Gangare in ɗauko ka ka gan shi da idonka.